Fuskokin da Kwalta ta Cinye

A garinmu Ravegem in ka ce "mai zane" ba sai ka ƙara suna ba, kowa ya san Mandus Lammens kake nufi, don kafinsa ba mu taɓa yin wani ba, bayansa ma ba mu ga alama ba. Ubansa mai sassaƙa takalman katako ne a bakin kogi. Mandus ya taso yana yi wa takalman mata adon furanni da ɗan burushi, daga nan ya koma zana wa masu shaguna allon ƙofa. Wata agwagwa da ya zana wa mai gidan giya ita ta ja masa, domin Fada, limamin cocinmu, ya wuce ya gan ta, ya ce wannan hannu bai kamata ya tsufa a kan takalmi ba. Aka yi masa karo-karo a coci aka tura shi Antwerp, gidan wani tsohon gwani mai suna Korneel Abbeel.

Abu biyu ya koyo a can, kuma su suka riƙe shi har kabari. Na farko, wai zane ma hawa-hawa ne kamar mutane. Akwai zanen tarihi, na yaƙe-yaƙe da sarakuna da manyan ranaku, shi ne ɗan masu gida. Akwai kuma zanen zaman yau da kullum, mata na feraye dankali, tsofaffi na karta, kyanwa na leƙen tukunya, wanda Abbeel ke kira aikin cika ciki. Na biyu kuwa kwalta ce. Tatacciya ce da ake damawa da mai a sayar wa masu zane, launinta ruwan ƙasa mai duhu kamar tsohuwar zuma. In ka shimfiɗa ta a ƙasa kafin ka ɗora sauran launuka, inuwar hoto sai ta yi zurfi, fuskoki su fito tamkar an haska su da fitila, sabon aiki ya yi kama da na magabata. A zamanin da wuya ka sami gwanin da ya amsa sunansa wanda ba ya taɓa ta.

"Kada ka yi mata rowa, yaro," in ji Abbeel. "Mai tsoron kwalta ya je ya yi wa bango farar ƙasa."

Mandus kuwa mutum ne mai biyayya fiye da kima. In ka ce masa cokali ɗaya sai ya sa biyu don ya faranta maka.

Ya dawo gida da gemu da faffaɗar hula, ya auri Sidonie 'yar mai burodi, mace mai kirki da baki kamar aska. Ya buɗe ɗakin aiki a saman gidan surukinsa ya zauna jiran a kawo masa aikin tarihi. Shiru kake ji. Ravegem gari ne na masaƙa da masu jiragen dako, ba wanda ke da bangon da zai ɗauki yaƙi.

"To, gwani," Sidonie kan ce in ta hawo masa da kofi, "yau wane sarki za mu dafa?"

"Ki ƙyale ni, Sidonie. Ke ba ki san abin da ake kira zane ba."

"Na dai san abin da ake kira yunwa. Ga tsohuwa can a bakin ƙofa tana tsefe wa jikarta kai. Ka zana ta, mutanen Ingila za su saya."

Haka ya riƙa yi yana ƙunƙuni. A gurguje yake yin irin waɗannan ƙananan hotunan, launi sama-sama, ko ɗigon kwalta ba ya ɓata musu, don a ganinsa ba su kai ba. Wani dillali kan zo ya kwashe su ya haye da su teku. Su suka ci da gidan shekara da shekaru, amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa, mai zanen tarihi yake cewa, alhali ko ɗaya bai taɓa yi ba.

Yana dab da shekara arba'in kakarsa ta yanke saƙa. An gina sabon zauren majalisar gari, aka wayi gari da ƙaton bango fari fat ba komai a kai. Mu kuwa labarin taƙama ɗaya gare mu: wai zamanin da sojojin Sifaniya suka kewaye garin, kakanninmu sun fita da magariba da shebur da fitilu suka fasa madatsar kogi, ruwa ya kori abokan gaba. Ya kuma cinye gonakin garin kaf, amma wannan ɓangaren ba a cika faɗarsa ba. Magajin gari, Leander Baeke, ya kira Mandus ya ba shi bangon, majalisa kuma ta gindaya sharaɗi ɗaya: jikoki su ne za su ara wa kakanni fuska. Kowane gida ya turo mutum a zana shi.

Nan fa ake yin ta. Kowa so yake a sa shi gaba, fitila a hannu, ba mai son zama Basifaniye.

"Ni za ka mai da sojan Sifaniya?" in ji Staf mahauci. "Kakan kakana shi ya fara dasa shebur a madatsar nan, ka je ka tambaya."

"Ai dole wani ya zama, Staf, in ba haka ba wa ruwan zai ci?"

"To ka sa surukina mana. Ko ba zane ya fi kama da wanda aka tsamo daga kogi."

Shi kuma magajin gari ya kafe sai a kan farin doki, shi da ko jaki bai taɓa hawa ba. Aka kawo gangar giya ya ɗare a kai yana riƙe da igiyar shanya a madadin linzami, yara na leƙe ta taga suna shan dariya.

An ɗame ƙyallen da za a yi zanen a kansa a jikin katako cikin wata tsohuwar masaƙa, don babu ɗakin da zai ci shi. Mutane kan zo bayan an tashi daga aiki, da daƙon jikinsu, su tsaya, Mandus ya dube su ya ɗora su kai tsaye. 'Yan zanen gawayin da yakan fara gwadawa a takarda kuwa da su ake hura wuta da safe, don wa zai adana tsani bayan an gama gini? Tunda da magariba aka fasa madatsar, duhu ya fi yawa a hoton, shi kuwa ya zuba kwalta ba ji ba gani, ƙarƙashin ruwa, ƙarƙashin tufafi, ƙarƙashin kowace fuska. Ya roƙi Sidonie ta zo ta riƙe fitila a gaba-gaba, ta ce ita ba ta da lokacin tsayuwa kamar gunki, burodi na wuta.

Kusan shekara uku ya yi a kai. Ranar da aka yaye mayafin, jama'a suka zuba wa hoton ido, sai can wata mata ta ce, "Ga Lowie namu can," daga nan kowa ya shiga neman nasa yana nunawa da yatsa. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Fuskokin masaƙa da 'yan dako da mata masu wanki suna fitowa daga duhu, kowa da kamanninsa, kowa da wani kwarjini da bai san yana da shi ba. Aka rataya wa Mandus lamba a wuya, 'yan badujala suka busa. Sidonie ta share ido da gefen mayafi ta ce hayaƙin taba ne. Bai taɓa yin farin ciki irin na ranar ba, bai kuma sake ba.

A 1866 kwalara ta shigo ta kogi. Ta fi ɓarna a lungunan bakin ruwa, inda gida guda kan fitar da gawa biyu ko uku a mako. Masu hali suna da hotunan da aka ɗauka musu da na'ura a birni, amma masaƙi ina ya ga wannan? Da annoba ta lafa sai talakawa suka tuna akwai wurin da nasu ke tsaye da ransu. Suka fara zuwa zauren ranar kasuwa, mai gadi na buɗe musu. Gwauruwa ta tsaya gaban mijinta da kwando a hannu, tsoho ya ɗaga jika ya nuna masa ubansa. Mandus kan laɓe a bayan ƙofa yana kallonsu, tausayi na cinsa, kuma in za a faɗi gaskiya har da ɗan jin kai a ciki. Majalisa ma ta yi nata alherin, ta sa aka girka ƙaton murhun ƙarfe a gindin hoton don kada sanyi ya kama masu ziyara.

An kwashe wasu shekaru a haka. Wata safiya Koleta mai wanki, wadda mijinta ya tafi a annobar, ta tare shi a kan gada.

"Malam Mandus, kada ka ga na cika surutu, amma bakin maigidana ya karkace."

"Wane irin karkacewa kuma, Koleta? Idonki ne ya fara gajiya."

"Ido dai nawa ne, miji ma nawa ne. Da yana ɗan murmushi, yanzu kamar haƙori ke damunsa. Ka je ka gani."

Ya je yana shirin yi mata dariya, ya sa aka kawo tsani ya hau. Fuskar mutumin ta yamutse, launin ya tsattsage, baƙi na leƙowa ta kowace tsaga. Ya duba na kusa da shi, haka. Ya danna babban yatsa a wani wuri mai duhu, sai yatsan ya shige, ya fito da danƙo. Bayan duk shekarun nan kwaltar ba ta bushe ba. Samanta kawai ya yi ɓawo, ƙasa kuwa tana nan da ranta, in ta ji zafi ta narke ta gangaro, in ta ji sanyi ta ƙanƙance ta ja abin da ke kanta. Ya daɗe a kan tsanin bai iya saukowa ba.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Antwerp. Abbeel ya daɗe da rasuwa, manyan hotunansa kuwa sun yi baƙi sun tsage kamar bayan kada. Ya sami wani mai gyaran tsofaffin hotuna ya zayyana masa komai. Mutumin ya tambaye shi ko a inuwa kaɗai ya sa ta, ya ce a'a, ko'ina.

"To sai haƙuri, ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ba ne, rabin gwanayen zamaninmu haka suke kwana da ita. A janye shi daga wuta, zai ɗan ja lokaci. Magani dai babu."

Sai da majalisa ta yi zama uku a kan murhun kafin a matsar da shi, don wasu sun ce ba za su sha sanyi saboda hoto ba. An matsar, abin ya rage gudu amma bai tsaya ba. Sidonie ta ce masa tun yanzu ya ɗauki takarda ya kwafe fuskokin ɗaya bayan ɗaya, a ba kowane gida nasa.

"In na yi haka ai na gaya wa gari aikin ya mutu ke nan."

"To da rai gare shi?"

"Zan gyara shi. Ni na yi shi, ni zan gyara."

"Allah ya ba da sa'a, gwani. Amma girman kan nan naka ba kai kaɗai zai ci ba."

Ya ƙi ji. Kowace bazara sai ya hau tsani ya cike tsagogi, ya ɗora sabon launi a kan tsoho. Kafin shekara ta zagayo sabon ya nutse, ya ja na kusa da shi sun tafi tare. Garin neman gira aka rasa ido, domin duk fuskar da ya taɓa sai ta ƙara nisa da mai ita. Koleta ta zo ta duba mijinta bayan gyara, ta daɗe tana kallo, ta ce, "An gode, Malam," ba ta sake zuwa ba. A gidan giya ana ta barkwanci, wai a ƙarshe dai Sifaniyawa sun kashe mana fitilu. Wannan bai dame shi ba kamar gaisuwar mutuncin da gwauraye ke yi masa a hanya, ba wanda ya taɓa zaginsa, shi kuwa da sun zage shi da ya fi samun sauƙi. Abin haushi, dokin magajin gari ko gezau bai yi ba, don farin launi ne mai kauri ba kwalta a ƙasansa. Mutane na ɓacewa ɗaya-ɗaya, doki na nan fes a tsakiyar duhu.

Lokacin da ya sauko ya yarda da maganar Sidonie, ihu ne bayan hari. Fuskoki kaɗan suka rage da za a iya kwafa, idonsa kuma ya fara hazo. Sidonie ta rasu wani hunturu bayan gajeriyar jinya. Da ya dawo daga maƙabarta ya birkice ɗakin aikinsa yana neman fuskarta, bai samu ba. Ya zana ta ba adadi, tana murza kullu, tana ɗinki, tana korar kaji, amma duk a ƙananan hotunan nan ne da dillali ya haye da su teku. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro.

Daga baya aka yi sabon magajin gari, wanda ya ce ba zai zauna ƙarƙashin bangon gawayi ba. Aka sauke hoton aka jingina shi a rumfar da ake ajiye famfon kashe gobara, aka shafe bangon da farar ƙasa. Don kara aka ba Mandus mabuɗin rumfar. Ya ci gaba da 'yan zanensa na cika ciki gwargwadon abin da ido ya bari, ya daina cewa kowa shi mai zanen tarihi ne.

Ya haura saba'in lokacin da wata mata ta ƙwanƙwasa masa ƙofa wata ranar yayyafi. Za ta yi shekara talatin, hannuwanta duk sun yi kanta irin ta masu aikin masaƙa.

"Baba, sunana Lidwina, 'yar Ivo Roelandt mai jirgin dako. Ina goye kwalara ta ɗauke shi. Jibi za mu tashi Amurka ni da maigidana da yara, kuma ba na jin za mu dawo. Innata kafin ta rasu ta ce yana cikin hotonka, ta hannun hagu, yana riƙe da shebur. Tana kai ni ina ƙarama, amma ban riƙe komai ba. So nake in gan shi sau ɗaya."

"'Yata, hoton nan ba abin da ya rage a cikinsa."

"Ko yaya ne, Baba. Ko inuwarsa ce."

Ya ɗauki mabuɗi da tsumma da ɗan bokiti suka tafi. Ya wangale ƙofar rumfar don haske ya shiga. Akwai dabarar da masu zane suka sani: in ka shafa ruwa a kan hoton da ya dushe, yakan farfaɗo na ɗan lokaci kafin ya bushe. Ya jiƙa tsumman ya goga ta hannun hagu. Sai ga ƙotar shebur, ga hannu riƙe da ita, ga kafaɗa. Lidwina ta matso tana riƙe numfashi. Ya goga sama da kafaɗar, ya sake gogawa. Babu komai sai baƙin ɓawo da ya tattare ya zazzago. Suna tsaye ruwan ya bushe, hannun ma ya koma.

Ta juyo gare shi ta ce, "Amma ai kai ka gan shi, Baba. Ya tsaya a gabanka ka dube shi. Ka zana mini shi ko a 'yar takarda ce, in tafi da ita."

Mandus ya lalubi kansa. Ivo Roelandt. Ya tuna akwai masu jirage da yawa da suka zo, suna warin kogi da taba. Ya tuna yadda ya haɗa launin wannan kafaɗar, har da burushin da ya yi aiki da shi. Fuskar kuwa ko sama ko ƙasa. Ya buɗe baki zai gaya mata, ya ga yadda take kallonsa, sai ya ji kansa yana cewa su koma gida ya gwada.

Ta zauna a kan kujera kusa da taga tana jira, shi kuma ya ɗauki gawayi da takarda. Ya ja layi ya goge, ya sake ja. Yana fata hannun ya tuna abin da kai ya manta, kuma da gaske hannun ya fara tafiya, goshi ya fito, hanci ya fito, idanu masu ɗan nisa da juna. Har ya fara jin sanyi a ransa, sai ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi takardar. Ita yake zanawa. Hannun da ya saba ɗaukar abin da ke gabansa ya ɗauki abin da ke gabansa, ba abin da ya ƙara sai faɗin muƙamuƙi. Ya yi niyyar yagawa, amma ba shi da wata fuskar da zai sa a madadinta. Ya ƙara gemu da hular masu jirgi, ya miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu ta kai kusa da taga. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe da shi nake kama. Innata kullum cewa take ban ɗauko shi ko kaɗan ba, wai duk dangin uwa na biyo."

Ya so ya gaya mata gaskiya, cewa fuskarta ya zana. In ya faɗa, ya ƙwace mata abin da ta zo nema, ba shi kuma da wani abin da zai ba ta. In ya yi shiru, ya aika da ƙarya ƙetaren teku da sunan mamaci. Ya rasa wanda ya fi, har ta naɗe takardar ta sa cikin riga don kada ruwa ya taɓa ta, ta durƙusa ta yi masa godiya.

"Allah ya kiyaye hanya, 'yata," shi ne kawai abin da ya iya cewa.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta tana sauri cikin yayyafi, hannunta ɗaya dafe da ƙirji. Har ta kai gada murya za ta iya cim mata, bai kira ba. Bai ga bazarar da ta biyo ba, aka binne shi kusa da Sidonie. Takardar kuwa, in ba ta ɓata a hanya ba, tana can rataye a wani ɗaki a Amurka, ana ɗaga yara ana nuna musu kakansu.